Tabon Cinyar Karsinah

Karsinah ba ta da kunya, kuma ba ta taɓa cewa tana da ita ba. Abin da mata ke raɗawa a ƙuryar ɗaki, ita a bakin teku take faɗarsa, tana gyaran kifi.

A zamanin da ake girkin biki da itace a garinmu na gaɓar tsibirin Jawa, ita ce uwar tukunya. Mata su kewaye ta suna kankare kwakwa, tana ba su dariya har shinkafa ta kama. Sai dai haihuwa da yawa ta sassauta mata mara. In ta yi tari ko dariya ko ta ɗaga tukunya, sai fitsari ya zubo. Ta daina zuwa jam'i, don alwalarta ba ta kai ta sallama. Wannan ne kaɗai ya taɓa sa ta yin shiru.

Likitar birni ta ce za a sa mata wani abu kamar majanyi a ciki, ya tallafe hanyar fitsarin. Ko dai ragar roba, aiki kaɗan, ko a yanko tantani daga cinyarta, yanka babba, jinya doguwa.

"Raga irin komar mijina?" in ji Karsinah. "'Yar nan, ni ba kifi ba ce. Da kayan da Allah ya ba ni zan koma masa. Yanki cinyar."

Ƙawarta Tumirah, wadda aka sa wa ragar a ɓoye ta warke sumul, ta zo dubiya. "Yaya, taurin kai ne zai kashe ki."

"Ke rufe mana baki, mai koma a ciki."

Ranar duk garin ya san sirrin Tumirah.

Bayan jinya Karsinah ta dawo sahun gaba a jam'i tana ɗingishi. Daga nan duk biki sai ta ɗage zani ta nuna tabon, amare na rufe fuska. Wasu dai sukan bi ta gida daga baya, su tambayi sunan asibitin.

Yanzu abincin biki a kwali ake kawo shi, ba mai zama gindin murhu. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta ce wa masu wankan gawa: "In kun zo kan cinyar nan, kada ku yi saurin rufewa. Ku kira 'ya'yana mata su gani, musamman waccan da ta daina dariya tun da ta haihu."