Ruwan da Yaya Sule Ya Sha

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Sule, manomin dawa a Garo. Ya rasu rumbunsa cike da hatsi, amma yunwa ce ta ƙarasa shi, don maƙogwaronsa ya toshe har koko ba ya wucewa.

A shekarar taki ya yi tsadar da noma ya daina riƙe gida. Matarsa Hajara ta koyi haɗa sabulu, tana sayo soda a kasuwar Gwarzo, a ƙulle cikin farar leda, babu rubutu, babu gargaɗi. Ranar da abin ya faru ta jiƙa sodar a roba, ta ajiye a inuwar darbejiya, ta rufe da faifai saboda kaji. To mu a wajenmu, mazubin da aka rufe da faifai a inuwa ruwan maigida ne, ba a tambaya. Yaya ya dawo daga gona da ƙishirwa, ya yi bismilla, ya kafa kai.

Watanni ya yi yana jinya. Dangi suka sa Hajara a gaba da magana, wasu har da cewa da gangan ta yi. Da 'yar muryar da ta rage masa ya kira ni ya ce, "Malam, kai ne mai boko a gidan nan. Kar ka bari a ɗora wa baiwar Allah nan. Je ka faɗa wa hukuma su sa wa abin nan alama."

Na je, wallahi na je. A ƙaramar hukuma aka ce maganar ta jiha ce, a jiha aka ce ta tarayya ce. Wani jami'i ya ce ai dokar na nan, kuɗin man da za a zaga kasuwanni ne babu. A shekarun nan na ga an fasa kwalaben giya a bainar jama'a, na kuma yi kabbara tare da kowa. Amma Shari'ar da muka yi wa murna ai ta ce a tsare rai. Makon jiya na ga soda a kasuwa kusa da buhun gishiri, ana awonta da gwangwani, ga ruwan batir a gorar lemo. Ni kam na gaji, ƙafata ma ta gaji.

Da Yaya zai leƙo yau, ba na jin zai yi faɗa, ba halinsa ba ne. Zai dai ga matan da ke haɗa sabulu sun ninka, don tsadar ta fi ta da, ya tambaye ni ina alamar. 

Me ya rage nasa? Gonar tana hannun 'ya'yansa. Bakin dangi ya mutu, don kafin ya rasu Yaya ya yafe wa Hajara a gaban liman. Ita ce dai ba ta yafe wa kanta ba. Har yau tana sabulun, da shi ta aurar da 'ya'ya. Jiya na je gaishe ta, muka gaisa, ta ɗebo mini ruwa a randa a kan idona. Sai da ta kurɓa, ta ɗan jira, sannan ta miƙo.

Allah Ya jiƙan Yaya Sule, Ya sanyaya wa Hajara.