Gudumar Katako ta Alexander Shekari

Duk wanda ya zauna a bayan kasuwar Sabon Tasha ya san Alexander Shekari, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon kafintan nan mai fensir a bayan kunne, wanda in ka kai masa kujera ta karye sai ya gama yi maka faɗa a kan yadda kake zama kafin ya taɓa ta. Mutumin Zonkwa ne. Ya zo Kaduna yana saurayi, wata masaƙa a Kakuri ta ɗauke shi gyaran ƙoshiyar saƙa da akwatunan zare, a nan ya yi furfura. Fuskarsa ba ta cika sakewa ba. Matarsa Celina takan ce tunda ta aure shi mutum ɗaya ta sani da ke sa shi dariya har ya riƙe ciki, kuma ba ita ba ce.

Garba ne, baduku ɗan Malumfashi, wanda masaƙar ta ɗauka ɗinkin bel ɗin fata na injuna. Bencinsa na jikin na Alexander, gidan hayarsu kuma layi ɗaya a Kakuri. Garba bai taɓa iya faɗin sunan abokinsa daidai ba, ko kuma bai ga dama ba, Iskandari yake ce masa. Kullum suna cikin tsiya. Garba ya ce kafinta ɓarawon itace ne, Alexander ya ce baduku ko wanka ya yi warin akuya yake. In Sallah ta zo nama ya tsallaka gidan Celina, in Kirsimeti ta zo shinkafa ta tsallaka gidan Garba, da kazar da shi Garban ya yanka da hannunsa don kada a yi gardama.

Maganar guduma daga ƙosai ta samo asali. Matar da ke suya a ƙofar masaƙa ta sayi tulin tsofaffin takardu na ƙunshi, a ciki har da littattafan zane na Turawa, irin masu hotuna gida-gida. A shafukan akwai wani ƙato mai ɗamammun kaya, yana tashi sama da wata jibgegiyar guduma a hannu. Alexander ya ɗan iya karatun Turanci, amma mai ya cinye rabin rubutun, shafukan kuma ba a jere suke zuwa ba. Sai Garba, wanda ko harafi bai sani ba a boko, ya ɗauki nauyin bayani. A faɗarsa, ƙaton nan lebura ne da aka hana shi kuɗin obataya, na ƙarin lokacin aiki, shi ne ya fusata. Duk dodon da ya buga wa guduma, Garba ya san ko wane manaja ne. Ma'aikata har zagaye su suke yi lokacin hutu, manyan mutane da iyali, suna jiran su ji wa za a kwaɗa wa yau.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a masaƙa ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Aka ce bikin ranar ma'aikata mai zuwa za a yi shi da gaske, kowane sashe ya fito da abin da zai ɗauka a jerin gwano. Garba ya buga benci ya ce su gudumar ƙaton nan za su ɗauka, sabbin shugabannin farar hula su gani su shiga taitayinsu tun da wuri.

"Kai ka yi kan, Iskandari, ni in naɗe ƙotar da fata. Amma don Allah kada ka yi mana akwatin gawa."

Alexander ya ɗauki abin da zafi fiye da yadda ya cancanta, halinsa ke nan. Ya baje shafukan masu maiƙo, ya gwada girman gudumar da hannun ƙaton, ya gwada da nasa. Ya haɗa kan da siraran katako, cikinsa fayau don kada ya yi nauyi, ya fafe gefuna, ya cike bakin kowace ƙusa da garin katako da gam. Ya goge da samfefa, ya shafa fenti ruwan azurfa, ya sake gogewa, ya ɗan bi lungunan da baƙi, har wani direba ya zo ya cije leɓe zai ɗaga da hannu biyu, ya kusa faɗuwa ta baya. Ƙotar ya fere ta daga icen maɗaci, ya bar ta tsirara tana jiran fata. Garba ya juya ta ya ce zai jiƙa fatar a gida, ranar Litinin a gama.

Litinin ɗin ce garin ya kama da wuta. Ba sai an sake ba mutanen Kaduna labarin abin da ya faru a farkon shekarar dubu biyu ba, kowa na da nasa, ba kuma mai son na wani. Da ƙura ta lafa, gari ya rabe gida biyu, kogi a tsakiya. Garba ya kwashe iyalinsa ya haye Unguwar Sanusi, bai sake dawowa masaƙa ba. Alexander ya koma Sabon Tasha. Ƙanensa Ben bai dawo gida ba tun ranar. Daga baya ya ji cewa Auwal, ƙanen Garba, shi ma haka.

Nan gizo ke saƙa. Gaisuwar mutuwa da zafinta ake yi. Makon farko hanya ba ta biyuwa, na biyu zuciya ba ta biyuwa, kafin ka ankara wata ya shige, shekara ta shige. Da wane baki mutum zai je ya ce "ya haƙuri" bayan shekaru, a kan gawar da bai san hannun wa ya kayar ba? Garba ma bai zo ba. Alexander bai riƙe shi ba, don ya san abin da ya hana shi. Masaƙar ta yi ta tari har ta mutu, aka sa wa ƙofa kwaɗo, ciyawa ta fito a inda ake suyar ƙosai. Alexander ya buɗe rumfarsa ta kafinta, ya aurar da 'yarsu Grace, ya zama dattijo a coci. Gudumar tana saman kabad a lulluɓe da tsohon zanin Celina.

Kewar Garba yake yi, ba wani abu ba. Ba ya faɗa, amma abin a fili yake. Wani zai yi shirme a gaban rumfa, sai Alexander ya juya hagu da magana a bakinsa, ya tarar da bango. Abokai yana da su a Sabon Tasha, mutanen kirki, suna ce masa Baba, suna ba shi kujerar gaba. Ba wanda ke zaginsa. Ashe mutum kan yi kewar zagi.

Ya san inda Garba yake, wani kwandasta ya gaya masa tun tuni: yana gyaran takalma da jakunkuna a gindin wata bishiyar dalbejiya. Kowace shekara in damina ta ɗauke yakan sauko da gudumar, ya duba ko gara ta shiga, ya sake mata fenti, ya mayar. Wata safiya Celina ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Baban Grace, wannan abu dai ko ka kai wa mutumin nan ya gama, ko in hura wuta da shi. Na gaji da ganin ka kana shafa shi kamar jariri."

"Fata ce babu mai kyau yanzu," in ji shi.

"Fata ko? To. Bas na nan a tasha, ba a ce an hana kafinta hawa ba."

Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya cusa gudumar a buhu, ƙotar na leƙowa. A cikin bas yana ta tsara yadda abin zai kasance. Aikin fata ba na rana ɗaya ba ne, a jiƙa, a yanka, a naɗa, a jira ta bushe. Zai bar gudumar a can. Mako mai zuwa ya dawo dubawa, ya ce launin bai yi ba. Wani makon ya ce naɗin ya karkace. Da haka da haka ƙafa za ta saba da hanya, wata rana ma Garba ya ce bari ya kawo masa da kansa. Da bas ta hau gada, ya kalli ruwa, ya gyara wuyan rigarsa kamar mai zuwa neman aure.

A gindin dalbejiyar ya same shi. Garba ya rame, gemunsa ya yi fari fat, ga tabarau ɗaure da zare. Ya ɗago kai ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ya kama hannun Alexander da hannu biyu.

"Ikon Allah. Sannu da zuwa, sannu da zuwa. Bismillah, ga benci."

Ya kakkaɓe bencin da hularsa, ya je da kansa ya sayo lemo mai sanyi. Ya tambayi Celina, ya tambayi Grace, ya yi murnar jin ta haihu. Alexander ya tambayi mai ɗakinsa da yara ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu ya kai bakin sunan ƙanen abokinsa ya tsaya. Maƙwabtan rumfa suna satar kallon baƙon, Garba ya ce musu, "Tare muka yi aiki a Kakuri." Gaskiya ya faɗa, amma ta yi wa Alexander kaɗan.

Sai ya zazzage buhun. Garba ya tuntsire da dariya har tabarau ya zame, dariyar nan tasa ta da, mai ƙarewa da tari.

"La ilaha! Iskandari, tana nan? Kai dai ba ka da aikin yi."

Alexander ya yi sauri ya kurɓi lemo.

"Ai kai ka ci amanar aiki. Ka riƙe ta, ba sauri nake ba. In dawo wani mako."

"Wane irin wani mako? Ka sha wannan doguwar hanya, in sake sa ka wahala? Zauna ka gani."

Ya ture takalman mutane gefe. Ya jawo wata jar fatar akuya mai laushi da ya ce ya ɓoye ta don aiki na musamman, ya yanka ta sirara da wuƙarsa, ya ɗan yayyafa ruwa. Ya shafa gam a ƙotar, ya kama naɗi, wannan zare ya hau wancan, yana ja da haƙori in hannu ya gaza. Bai nemi ganin hoto ba, yana tune da komai, har maɗaukin da ke gindin. Alexander ya ce a bari ta kwana ta bushe, Garba ya ce wannan ranar ta isa. Ya ce ko launin ya cika ja, Garba ya ce idonsa ne ya tsufa. Karamci yake yi masa da iyakar ƙarfinsa, Alexander kuwa yana zaune yana kallon dalilinsa na dawowa yana ƙarewa a hannun abokinsa. Suka yi hirar manajoji, wa ya mutu, wa ya koma ƙauye. Garba ya je sallar azahar ya dawo ya soke bakin fatar da basilla, ya ɗaure, ya datse.

Ana kiran la'asar Garba ya ce gara Alexander ya kama hanya tun da sauran rana, kada Celina ta damu. Ya rako shi har titi, shi ya ɗauko buhun. Bas na tahowa ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Na ji labarin Ben."

"Ni ma na ji na Auwal."

"Allah ya ba mu haƙuri."

"Amin."

Kwandasta na buga jikin mota. Garba ya miƙa masa buhun ta taga, ya ce a gaida gida, sai wata rana. Bai ce yaushe ba, Alexander ma bai tambaya ba.

A Sabon Tasha mutane suka taru a rumfa suna ɗaga guduma suna ihu, wani mai ɗaukar hoto har ya nemi a ba shi haya. Celina ta ce kai, ashe abin kyakkyawa ne. Alexander ya bari sai da kowa ya watse. Ya zauna a bakin benci, ya ɗora ta a cinya, ya bi naɗin da ɗan yatsa tun daga wuya har gindi, a hankali, yana neman inda fata ta saki, ko inda gam ya leƙo, ko wani ɗan karkace da zai isa mutum ya hau bas ya je ya yi ƙorafi. Ya juya ta ya sake bi. Ya sa farce ya ɗan taɓa ɗaurin. Garba bai taɓa yin aikin banza ba a rayuwarsa, ranar ma bai yi ba.