Naman da ke jiran tirela

Da aka kawo ni Gumel daga Gagarawa, cikin kayana akwai buhun littattafan soyayya da na yi ta tarawa tun ina makaranta. A cikinsu miji yakan dawo da la'asar, ya tarar da turare yana tashi, ya zauna ya ci abincin matarsa yana kallonta, ya faɗi maganar da za ta sa ta rufe fuska. Na ɗauka haka aure yake a ko'ina.

Nawa mijin direban tirela ne. Ran Alhamis ake yi masa lodin shanu a kasuwar Maigatari, ya nufi kudu, sai kuma wani makon. Idan ya dawo, kai tsaye yake wucewa layin lodi don kada a sha gabansa. Rabona da shi bai wuce ɗan tsayawar da yake yi ba idan ya biyo ta Gumel da kaya: ya shigo, ya yi salla, ya ci abinci, ya fita, domin shanu ba sa jure tsayuwa cikin mota. A wannan zaman cin abincin nake samun mijina. In bai zauna ba, makon nan ban yi aure ba ke nan.

Yana da wani haƙori na ciki da ke damunsa, da gefe ɗaya yake tauna. Naman da na fara gasa masa na tsohuwar saniya ne. Ya tauna, ya tauna, ya ture shi gefe, ya ci shinkafar da sauri ya tashi. Da ya fita na kira Inna a waya ina kuka, ita kuwa sai da ta gama dariyarta sannan ta tambaye ni ko babu gwanda a gidan da nake. Ta ce in tsinko ganyenta, in murza shi har ya fitar da farin ruwan nan, in naɗe naman a ciki. In naman ya cika tauri, in ɗan goga ɗanyar gwandar a kai.

«Amma daga azahar zuwa la'asar ne, 'yar nan,» in ji ta. «Gwanda ba ta iya jira ba.»

Sauran haɗin ni na ƙirƙira a hankali. Nakan daka ɗanyar citta da tafarnuwa da albasa, in sa masoro da ɗan kanumfari, kimba kaɗan don tana da ɗaci, gishiri, man gyaɗa, in matse lemun tsami. In cakuɗa da hannu har kowace tsoka ta sha, in naɗe a ganye, in ajiye kwanon a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi. Ina yi ina shirya hirar da za mu yi, abin da zai ce da abin da zan mayar masa. Hirar ba ta taɓa zuwa yadda na shirya ta ba, amma ranar farko ya cinye naman tas, har ya tambaya ko na ɗan maraƙi ne. Na ce tsohuwar saniya ce irin ta rannan. Ya yi dariya, ya ƙara zama har ya sha shayi. Da dariyar nan na yi mako guda.

Wata Alhamis cikin bazara ya kira da hantsi ya ce in sa ran shi da la'asar. Ana kiran azahar na naɗe nama, na goga gwanda da ɗan yawa don cinyar da na samo ta yi tauri. Na yi wanka, na sa lalle ya bushe, na hura gawayi. La'asar ta yi, ta wuce. Gawayin ya ci ya zama toka, na ƙara wani. Na san ya kamata in kwance ganyen in ɗora naman a wuta, sai dai yana son sa da zafinsa, kuma a raina gasa shi babu shi kamar na yarda ba zai zo ba ne. Sai na zauna a bakin ƙofar ɗaki ina sauraren titi. Daga gidanmu ana jin manyan motoci, kowacce ta rage gudu sai in miƙe.

Ana shirin magariba ya kira. Ya ce lodi ya yi musu gardama, wani bijimi ya ƙi hawa, yanzu suka taso, kuma ba zai iya shigowa gida ba. Na ce zan kawo masa bakin titi. Ya ce kada in wahalar da kaina, akwai masu tsire a hanya. Na ce zan kawo.

Da na kwance ganyen sai naman ya biyo hannuna. Babu tsokar da za a ɗaga, duk ya saki ya zama kamar fate. Ba zai zauna a kan wayar gashi ba, don haka na juye shi a kasko na yi ta juyawa. Bai zama gashi ba, bai zama dambu ba, ga ɗan ɗacin ganye ya shige shi. Na zuba a kula haka nan, na yafa mayafi, na tari a-daidaita-sahu.

Na same shi a gefen titi bai kashe mota ba. Shanu suna ta buga ƙafa a baya, ƙahoninsu sun leƙo ta sama. Na miƙa kular ta taga, ya buɗe, ya duba abin da ke ciki, ya dube ni. Na jira ya tambaye ni me ya sami naman.

«Ke kin ci?» ya ce.

Na ce na ci.

«Ba ki ci ba.»

Ya ɗebi rabi ya zuba a murfin kular ya miƙo min ƙasa. Muka ci, shi a kan kujerarsa, ni a tsaye kusa da taya, hayaƙi yana dukan zanena. Bai yaba ba, bai kushe ba. Ya suɗe yatsunsa, ya miƙo kular, ya ce in gaida Inna in mun yi waya, in kuma koma gida kafin dare ya yi nisa. Na tsaya har fitilun bayan motar suka shige kwana.

Tun daga ranar na bar gwanda. Wata Bafulatana mai kawo mana nono daga wajen Sule Tankarkar ta ce in gwada kindirmo, shi ba ya cinye nama, ko ya kwana a ciki laushi kawai zai ƙara. Yanzu a cikinsa nake tsuma naman, da citta da tafarnuwa, in rufe in ajiye. Wani makon yakan shigo ya zauna. Makon da bai shigo ba, ran Juma'a da safe nakan gasa abina in ci a tsakar gida, in aika wa maƙwabta sauran.