Kwalbar Inna

Inna tana da wata koriyar kwalba mai toshin tsumma. Zamanin haraji, in ciwo ya kama wani a gidanmu, ita ake kaiwa ɗakin shan magani, malamin asibiti shi cika ta da jan magani, ka yi godiya ka tafi. Baba ya tsani masu karɓar haraji, amma yakan ce ko banza dai ga abin da ke komo mai cikin kwalba.

Da anka soke haraji har guɗa munka yi. Wayyo mu.

Shekarar da fari ya ƙone gonaki tun daga Gangara har Sabon Birni, ina goyon fari, na zo gida na iske tari ya ci ƙarfin Inna. Rumbunmu wayam, sai damen iri da Baba ya rataye can sama. Ya rantse in magani ya gagara, ranar kasuwar garin Isa za shi kai irin ya sayar. Inna ta ce wanda ya ci iri ya ci 'ya'yansa, ta ɗauki kwalbarta ta fita.

Da la'asar ta komo da ita cike, ja wur. Baba ya yi hamdala, ya ce ashe gwamnati ba ta manta da talaka ba. Cokali da safe, cokali da marece, tana sha tana yamutsa fuska. In ta ƙare ta sake fita ta ciko. Ni kuwa, sakarya, har faɗa nike mata in ta makara wajen sha.

Ba ta ga damina ba.

Bayan addu'ar bakwai na ɗauko kwalbar in wanke. Ina cire tsumman sai ƙamshin soɓorodo, zoɓon nan na sha, da kanwa. Na tari malamin asibiti da zafina. Ya sadda kai, ya ce ai tun bara babu maganin kyauta, kowa shi ka sayen nasa, ya faɗa mata tun zuwan farko.

"Cewa ta yi kar in gaya wa maigida."

Ruwa ya sauka, Baba ya shuka irin, gero ya yi kyau. Ranar da anka tuƙa sabon tuwo ya ce Allah ya ji ƙan Inna, ta sha maganinta tsaf, kwana ne ya ƙare. Na ce amin. Ya turo mini akushi, ya ce in ci don goyo. Na ci.