Madam Dorkas da Hoto na Goma Sha Huɗu

Duk wanda ya koyi aikin jinya a ƙaramar makarantar da ke bayan asibitin mishan, can ƙasar Madawa, ya san Madam Dorkas. Gajeriya ce mai faɗi, muryarta ta fi jikinta girma, haƙurinta kuma bai kai cikin cokali ba. Ƴar Yunana ce, mai dama wa marasa lafiya kunu, don haka a cikin warin magani ta tashi. Tana da shekara sha biyar ta fara share ɗakin haihuwa, daga shara ta koma riƙe fitila, daga riƙe fitila ta zama ungozoma. Rabin samarin unguwar ita ta yanke musu cibiya, kuma ba ta barin kowa ya manta.

A makarantar akwai wani akwatin ƙarfe mai ɗauke da ƙananan hotuna arba'in, waɗanda ake sa wa a na'ura a haska jikin bango. Wata likita Baturiya ce ta ɗauke su tun shekarun saba'in, ta koma ƙasarsu ta bar su don koyarwa. Ba hotunan kallo ba ne. Akwai ƙuna, akwai ƙafar da ta ruɓe, akwai mata tsirara a tsakiyar naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Baturiyar ta yi iya ƙoƙarinta, ta ja baƙin layi a kan idon kowane mutum. A zatonta idan ka rufe wa mutum ido ka ɓoye shi. Ba ta san cewa a nan ƙasar Adar ba da ido ake gane mutum ba. Tsagar kumatu tana nan, munduwa tana nan, tabon da kowa a garinku ya san ranar da ka same shi yana nan.

Dorkas ta san wannan, domin ita ce ta yi tafinta lokacin da aka ɗauki hotunan. Mai hoto na goma sha huɗu sunanta Hamsatu, daga Karofan aka kawo ta a kan amalanke bayan kwana uku tana naƙudar ƴar fari. Da aka ce za a ɗauke ta hoto, ta kama hannun Dorkas ta ce ita dai kada wanda ya san ta ya gani. Dorkas, wadda a lokacin bakinta ya fi hankalinta sauri, ta ce mata ta kwantar da ranta, wanda ya san ta ba zai taɓa gani ba har abada. Aka yi wa Hamsatu aiki, ita da jaririyar suka rayu, suka koma gida. Alkawarin ya zauna a wuyan Dorkas.

Shi ya sa da aka ba ta koyarwa ta ƙirƙiro tata hanyar. Ranar haska hotuna, bayan an rataya barguna a tagogi an kafa farin zane a bango, ba ta taɓa na'urar sai ta yi magana. Za ta ce hoto mai zuwa akwai jini da tsiraici, wanda zuciyarsa ke tashi ya shirya. Sannan ta kira garuruwa: mutanen Karofan da na Buza da na Ibohaman su duƙar da kai, su saurara da kunne, daga baya za ta zana musu a allo. Ba ta taɓa kiran gari ɗaya shi kaɗai ba. Uku take haɗawa ko huɗu, don kada kowa ya gane hoton ɗan wane gari ne. Ɗalibai suka raɗa mata suna Madam Ku-Duƙa. Ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba. Shekara goma sha ɗaya tana haka, ba a taɓa samun wanda ya ga tsiraicin ɗan garinsu ba.

A shekarar 1994 Ɗantala ya dawo daga Yamai da babbar takardar aikin jinya, aka ba shi shugabancin makarantar. Shi ma Dorkas ce ta yanke masa cibiya. A gaban ɗalibai tana ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci, idan suna su biyu kuwa Ɗantala ne kawai. Rana ɗaya ya zauna a darasinta, ya ga rabin aji sun duƙa kamar masu neman allura a ƙasa, washegari ya kafa doka. Ba sauran gargaɗi, ba sauran kiran garuruwa. Wanda ya duƙa ko ya fita, ya faɗi darasin. Ya kuma karɓi makullin akwatin ya sa a aljihunsa.

A wannan shekarar ce Kulu ta zo daga Karofan. Doguwa ce marar yawan magana, rubutunta kamar an buga da inji. Matan garinsu ne suka matsa a turo ta, don sun gaji da ɗora masu naƙuda a amalanke ana binne su a hanya. Idan ta gama, ita za ta zama ungozomar farko da ta yi karatu a wajensu. Ran da ta zo, Dorkas ta tambaye ta gidansu kamar yadda take yi wa kowa. Yarinyar ta ce ita ƴar Muntari ce mai saƙar tabarma, ita ce ta fari, kuma an ce a nan asibitin aka ciro ta. Nan take Dorkas ta gane ƴar Hamsatu ce. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta sallame ta da sauri.

Ta sami Ɗantala a ofis yana jera takardu.

"Ɗantala, mutanen da ke cikin hotunan ga ba su mutu ba. Suna da ɗiya, suna da jikoki."

"Inna Dorkas, an ruhe masu ido."

"Kai da ido kaka gane gwaggonka? In ta ba ka baya cikin kasuwa ba ka sanin ta?"

"Inna, ran da anka kawo mace tana zubda jini, wa za ya ce masu ku duƙa? Lallashi na ke kashe mutane. Ni ma'aikata nika son in hidda, ba amare ba."

"To hidda na goma sha huɗu kaɗai."

"Don mi?"

Ɗantala ba mugu ba ne, amma magana ba ta kwana a cikinsa. Idan ta gaya masa yau, gobe zai mai da abin darasi, ya tsaya gaban aji yana bayanin dalilin da ya sa aka cire hoton, da sunan gari da komai. Ta ce hoton ya tsufa. Ya ce shi ne kaɗai ke nuna naƙudar da kan yaro ya toshe hanya, abin da ya fi kashe matan ƙasar nan, kuma a kansa za a yi jarrabawa. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Dorkas ta fito tana huci, ta sauke fushin a kan wata akuya da ta samu tana cin shanyar ɗakin haihuwa.

Ana gobe darasin ta tare Kulu a bakin famfo.

"Ke, gobe ki kwanta. Ki ce kanki na ciwo."

"Madam, lahiyata lau."

"Na ce ki kwanta."

Yarinyar ta ajiye bokiti. Idonta ya kawo ruwa.

"Madam, Mushe ya ce wanda bai zo ba ya hwaɗi. Ko kin ga ba ni iyawa na? Matan garinmu sunka aiko ni. Ba ni komawa in ce masu jini ya ba ni tsoro."

Dorkas ta dube ta. Kalma uku za su isa, amma su ne kalmomin da ta yi alkawarin ba za su fita ba. Kuma yaya za ta ce wa ƴar fari, wadda uwarta ko sunanta ba ta taɓa kira ba don kunya, gobe za a haska uwarki tsirara a bango? Ta ce, "Ɗauki ruwanki ki tahi." Ta koma gida ta ƙona tuwo.

Ranar Alhamis da hantsi aka rataya barguna. Ɗalibai goma sha tara, maza sha biyu. Ɗantala ya tsaya kusa da farin zanen da doguwar sanda, Dorkas tana baya wajen na'ura, don har yanzu ba wanda ya iya lallaɓa tsohuwar na'urar sai ita. Aka wuce ƙuna, aka wuce ruɓaɓɓiyar ƙafa. Wani saurayi ɗan Kaita ya rufe baki da hannu, Ɗantala ya daka masa harara. Da aka kai na goma sha uku Dorkas ta buɗe baki, sai ta ga inda dokar ta ɗaure ta. Da can gargaɗin na kowa ne, ba ya nuna kowa. Yau idan ta ce mutanen Karofan su duƙa, mutum ɗaya ne daga Karofan a ɗakin, kamar ta nuna ta da yatsa ne. Sai ta danna sau biyu da sauri, na goma sha biyar ya fito.

"Madam, kin tsallake guda," in ji Ɗantala. "Koma baya."

Ta koma baya.

Hamsatu ta cika bangon. Baƙin layin yana kan idonta yadda Baturiya ta ja shi. A ƙarƙashinsa ga tsaga uku a kumatu, ga hannun hagu a kan ciki, da tabon ƙunar man gyaɗa daga wuyan hannu zuwa gwiwa, da ƙaramin yatsan da ya lanƙwashe. Hannun da ya yi wa Kulu kitso shekara goma sha tara. Dorkas ba ta kalli bango ba, ƙeyar yarinyar take kallo. Ƙeyar ba ta motsa ba.

Ɗantala ya ji daɗi. Ya ce, "Ga wadda Madam ke ma tsoro, ko ƙibta ido ba ta yi ba. Kulu, taso ki gwada muna abin da kika gani." Ya miƙa mata sandar.

Ta taso. Ta ɗora bakin sandar a kan cikin, ta faɗi yadda ya rabu biyu, ta sauko da ita ƙasa ta faɗi kumburin da dalilinsa, da abin da ya kamata a yi tun rana ta farko. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ɗantala ya sa aka tafa mata. Ta ajiye sandar a kan tebur a hankali, ta koma ta zauna.

Da azahar Dorkas ta same ta a ɗakin kwanan ƴan mata tana ɗaure kaya.

"Madam, kin sani?"

"Na sani."

"Da kin ce mu duƙa, da na duƙa. Ban tambayar ki komi."

Dorkas ta yi magana, ta yi roƙo, har ta yi faɗa. Ta ce sauran wata bakwai kawai, ta tuna da matan garinsu. Kulu ta ce duk macen da za ta kwanta a gabanta yanzu, wannan hoton za ta gani, hannunta ba zai tsaya ba. Washegari ta hau motar kasuwa ta tafi. Ɗantala ya rubuta a takardarta cewa ta bar karatu ba dalili, ya kuma ce wa Dorkas ta gani, irin lallashinta ne ke jawo haka. Ranar Lahadi a majami'a ya miƙo mata hannu, ta gyara ɗankwalinta da hannu biyu har ya wuce.

Bayan girbi wata mata ta yi sallama a ƙofar gidan Dorkas, da ƙullin busasshiyar kuɓewa a ka. Ta tsufa, amma da ta ɗaga hannun hagu ta sauke kayan, Dorkas ba ta bukaci a gaya mata suna ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka sha ruwa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan Hamsatu ta shiga maganar da ta kawo ta, ba tare da ta kama sunan ƴarta ba.

"Yarinyag ga ta gidanmu. Tun da tad dawo ba ta duban inda nike. In na shigo ta duƙe, in na zauna ta tashi. Na ce to, ladabi ta koyo wurinku. Amma ta ƙi hwaɗin abin da yas sa ta baro karatu. Watan jiya ɗiyar maƙwabtanmu ta rasu bisa amalanke, ita da cikin. In laihi ta yi maku, ku yi haƙuri ku maishe ta."

"Ba ta yi laihin komi ba," in ji Dorkas.

"Shi ya sa niz zo wurinki, ban tahi wurin kowa ba. Ke kinka riƙe man hannu ran nan. Kin yi man alkawari, shekara ashirin ban ji maganar ta hito ko'ina ba. Na san ke in kin ce abu, shi ke nan."

Ta turo ƙullin kuɓewar gaban Dorkas, ta gyara zama, tana jiran amsa. Matar da muryarta ke kaiwa daga ɗakin haihuwa har bakin titi ta zauna da hannu biyu a kan cinya, kanta a duƙe, tana kallon saƙar tabarma.