Raka'a Huɗu Har Bakin Teku

A shekarar da na ajiye aikin malamin gona na yanke shawarar zuwa ganin teku a kan babur ɗina. Ba sabon babur ba ne. Shi na yi ta hawa tsakanin Tambuwal da Kebbe, in leƙa Sanyinna, in gangara Fakku, kullum da takin gwaji ko irin gero ɗaure a baya, kullum kuma akwai mai jirana a inda zan sauka. Na gaji da zuwa wurin da ake jirana. Sai na sa aka sauya tayoyi da sarƙa, na yi takardun ketare iyaka, na tsara in bi ta Kamba in shiga Gaya ta Nijar, in haye Kwara zuwa ƙasar Benin, in yi ta gangarawa kudu har ƙasa ta ƙare.

Matata ba ta hana ba. Ta dube ni, ta dubi babur ɗin, ta ce tsofaffi biyu za su yi wa juna rakiya, sannan ta shiga daka mini ƙuli-ƙuli da yaji. Da na je Fakku sallama da dangin mahaifiyarmu, babu wanda ya gane abin da zan je yi, amma kowa ya faɗi abin da ake faɗa wa mai tafiya. A wajenmu an yarda cewa addu'ar matafiyi ba ta faɗuwa ƙasa, don haka duk wanda zai yi nisa sai an bi shi da "a sa mu cikin addu'a". Na dawo daga Fakku da roƙon haihuwa, da na damina mai albarka, da na wata gwaggo mai ciwon gwiwa.

Saura mutum ɗaya, wana. Shi ne limamin unguwarmu a Tambuwal, kowa Malam yake ce masa, har ni. Ina ƙarami mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙe ni, shi ya koya mini alwala da salla a zauren gidanmu, shi ne kuma ya yarda aka kai ni makarantar boko, ko da yake bai daina kirana ɗan boko ba har gemuna ya yi fari. Abin dariyar shi ne, a bakinsa na fara jin kalmar teku. Yana karantar da mu ruwan da ake tsarki da shi, ya lissafa na sama, na rijiya, na gulbi, na teku. Na tambaye shi mene ne teku, ya ce wani ruwa ne mai gishiri wanda ba a ganin ƙarshensa, kuma in bar katse karatu. Shi kansa bai taɓa ganinsa ba.

Na same shi bayan la'asar a kan buzunsa, ya miƙe ƙafafu. Na lura sun ɗan kumbura, kuma kwanakin nan a zaune yake nafila, amma mutum ne da ba a tambayarsa jikinsa. Na gaya masa zan yi tafiya.

"Mi za ka yi can?" ya ce.

"Kallo, Malam."

"Kallon mi?"

"Teku. Da duk abin da hanya tan nuna min."

"Wa ag gare ka can?"

"Ba kowa."

"Fatauci na? Ko neman magani?"

"Ko ɗaya."

Ya shiga jan carbi. Na san wannan jan carbin, shi yake yi kafin ya ba da fatawa.

"To abin da nika gaya maka, ɗan boko, kak ka rage salla. Fuɗu za ka yi awa kana gida. Ƙasaru sauƙi na da anka yi ma mai lalura. Wanda yaf fita farauta don nishaɗi ba a son shi rage, kai ko ko zomo ba ka nema."

Ƙasaru ita ce rangwamen da aka yi wa matafiyi, ya mai da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu. Cika sallar bai dame ni ba, raka'a biyu ba su taɓa karya bayan kowa ba. Abin da ya dame ni shi ne ma'anar maganar. A wurin Malam ni ba matafiyi ba ne, mai yawo ne kawai. Ya ce Allah ya tsare, kamar yadda zai ce wa mai zuwa kasuwar Jega, bai kuma ce in sa shi a addu'a ba. Na daɗe a zaune ina jiran kalmar, har aka kira magariba. Na ji zafin abin ƙwarai, domin a duk garin shi kaɗai nake so ya faɗa.

Na fita da sanyin safiya. Tafiyar kanta ba ta da wani abin mamaki a farko. Daga Tambuwal har Kamba gero da dawa ne irin namu, mutane irin namu, awaki masu tsallaka titi ba tare da shawara ba. A gadar Kwara tsakanin Gaya da Malanbil na tsaya na kalli ruwa da jiragen kwale-kwale cike da albasa. Jami'an iyaka sun tambaye ni abin da Malam ya tambaye ni, sai dai su da na ce kallo sai suka yi dariya suka buga hatimi. Ban yi sauri ba. Inda gari ya yi mini daɗi in kwana biyu, inda bai yi ba in sha shayi in wuce. Kowane gari akwai zango, kowane zango akwai Bahaushe mai shayi ko mai nama, kuma shi zai nuna maka inda za ka shimfiɗa tabarma da inda za ka sami bakanike.

A Kandi aka yi abin da har yau nake dariyarsa. Na tsaya azahar a tashar manyan motoci, inda direbobin da ke jigila tsakanin Kwatano da Nijar suke hutawa. Sun shimfiɗa tabarmi a inuwar wata tirela. Da suka ga furfurata sai suka tura ni gaba, na ƙi, suka nace. Na ja salla. Bayan zaman raka'a ta biyu na miƙe zuwa ta uku, sai na ji bayana ya ɗauka da "subhanallah", suna tsammanin mantuwa na yi. Ban zauna ba. Dole suka miƙe suka bi ni, ina jin wani yana sauke numfashi irin na wanda aka ƙara wa kaya. Da muka sallame, wani direba mai ƙiba, mutumin Dogon Dutsi, ya matso.

"Baba, mantuwa ta?"

"Ba mantuwa ba ta."

"Daga ina kaf fito?"

"Tambuwal, ƙasar Sakkwato."

Ya dubi babur ɗin da jar ƙasa ta rufe, ya dubi jakata.

"In kai ba matafiyi ba na, to wa am matafiyi?"

Na ce wana ne ya ce tafiyata ba tafiya ba ce, kallo ne. Ya tambaya ko wan nawa yana nan tare da ni. Na ce yana gida. Ya girgiza kai ya ce bai taɓa ganin fatawa mai tsawon igiya irin wannan ba. Da la'asar ta yi ba su sake tura ni gaba ba.

Daga nan na karkata yamma zuwa ƙasar tsaunuka. Na ga gidajen laka masu bene da aka gina kamar ƙananan ganuwa, dabbobi a ƙasa, mutane da rumbuna a sama. Na daɗe ina duba rumbunan, aikin tsohon malamin gona, na ga yadda suke rufe bakinsu da hular ciyawa. Na ga ruwa yana zubowa daga kan dutse cikin wani kwari mai sanyi, na cire takalmi na sa ƙafa. A Zugu na ci doya da aka kirɓa da miyar gyaɗa, a Faraku aka yi mini facin taya. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Gero ya ɓace, rogo da kwakwar manja suka karɓi hanya, iska ta yi nauyi, rigata ba ta bushewa. Akan yi mini tambaya da Faransanci in amsa da Hausa, kowa ya gyaɗa kai a rabu lafiya.

Duk Juma'a nakan kira Malam. Hirarmu ba ta da tsawo. Ya tambayi lafiyata, in tambayi tasa, ya ce alhamdu lillahi, sannan ya ce, "Kana cika salla?" in ce ina cikawa. Bai taɓa tambayar abin da na gani ba, ni ma ban taɓa tayawa ba. Nakan ji muryarsa ta yi ƙasa, sai in ɗora wa layin waya laifi. Addu'o'in mutanen Fakku kuwa ina yin su bayan kowace salla, har da gwiwar gwaggo, ko da yake wani lokaci nakan yi tunanin ko ajiyar tasu ta faɗa hannun da ba shi ba, tunda an ce ni ba matafiyi ba ne.

Kwatano hayaniya ce da hayaƙin babura, ban zauna ba. Na shiga kwale-kwale na ga garin da aka gina bisa ruwa, inda mata ke cin kasuwa daga jirgi zuwa jirgi, sannan na bi titin gaɓa zuwa yamma, na sauka a wani ƙauyen masunta da ke cikin itatuwan kwakwa. A nan na ga teku sosai. Yadda Malam ya faɗa haka yake, ba a ganin ƙarshensa. Abin da bai faɗa ba shi ne ƙara, domin tekun ba ya yin shiru ko kaɗan. Na zauna a yashi ina kallon masunta suna jan koma da waƙa. Ban ji wani abu mai girma a raina ba. Na ji daɗi, na kuma ji yunwa. Niyyata in huta a nan, in wuce Lome, in ga inda ƙarfin babur zai kai ni.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara, na ga Malam ne. Tun da aka fara waya a Tambuwal bai taɓa kirana ba, shi ake kira.

"Ina kake?" ya ce.

"Bakin teku, Malam."

"Ka gane shi?"

"Ga ni gaba nai."

Ina jin numfashinsa sama da ƙarar ruwan.

"To," ya ce. "Kai matafiyi na. Ka roƙa min sauƙi."

Ya kashe wayar. Kalmar da na zauna jira a zaurensa har magariba ita ce ta zo, kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Tsoro na ji. Malam ba ya janye fatawa don ya faranta wa wani rai, na san shi. Na kira matata. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce an kai Malam asibiti Sakkwato tun makon da ya wuce, ƙoda ce, kuma shi ya hana a gaya mini, wai kada a katse mini kallo.

Da azahar ta yi na gangara na yi alwala da ruwan teku. Gishirin ya cika mini baki, ya shiga idona. Na yi raka'a biyu a kan yashi. Ta ƙare da wuri har na rasa abin yi da hannuwana, sai na ɗaga su na daɗe. Bayan nan na wanke wata gorar roba, na cika ta da ruwan, na ɗaure a bayan babur inda nakan ɗaura irin gero, na juya arewa. Hanyar da na zo ita na bi, ban tsaya kallon komai ba.

Na iske an sallamo shi, za a riƙa kai shi Sakkwato wankin ƙoda. Yana zaure a kan buzun, an jingina shi da matashi. Ya rame ƙwarai, sai idanun da ba su sauya ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Nawa kaka yi bisa hanya?"

"Biyu."

"Ta inganta. Duba marar lafiya kat taho."

"Tun ban juyo ba nif fara, Malam. Tun bakin teku."

"Na sani," ya ce.

Na ajiye gorar a gabansa na ce tsarabarsa ce. Ya buɗe, ya shinshina, ya tsoma yatsa ya kai bakinsa. Ya ɓata fuska kaɗan.

"Haka anka ce," ya ce. "Juye min cikin buta."

Na juye. Ya yi alwalar la'asar da shi a hankali, ina riƙe masa butar, bai bar ɗigo ya tafi a banza ba. Masallaci ya fi ƙarfin ƙafafunsa, kuma bai sake shigarsa ba har ya rasu bayan girbi. A ranar dai na shimfiɗa tabarma na koma gefe ina jiran ya ja mu a zaune, domin tun da na yi wayo ban taɓa yin salla tare da shi ba sai a bayansa. Sai ya nuna mini gaba da haɓa.

"Shiga, ɗan boko. Fuɗu fa, ka iso gida."

Na shiga na yi kabbara. Na yi huɗu, yana zaune a damana, ina jin numfashinsa.