Ranar da Na Zubar wa Deule Ruwan da Bai Sauka Ba

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba zan manta daminar da na fara aiki da ordinata ba, wato kwamfuta. Lokacin ina sakatare a wani biro, wato ofis, na aikin gona a yankin Buza, wajen tsakiyar shekarun casa'in. Wani likita Ba'amurke na asibitin mishan ne ya bar mana na'urar da zai koma gida. Ni kaɗai na iya taɓa ta, don haka har tafiyata ta canza.

Aikina shi ne in buga awon ruwan sama na garuruwa, a aika Tawa, rediyo ta karanta. Ran nan Deule ta sami milimeta 7,5 da safe, 4,0 da marece. Na buga su da birgil, wato waƙafi, yadda aka koya mana a lakwal, makarantar boko, na ce wa na'ura ta haɗa. Ashe saitinta na ƙasar mai ita ne: a can ɗigo ke raba lamba da guntunta, waƙafi kuwa ado ne. Sai ta tsallake shi, ta haɗa 75 da 40, ta ba ni 115. Ban ko duba ba. Wa zai tuhumi ordinata?

Kwana biyu sai ga kawuna, wanda ke sayar da albasa a Madawa. Ya ji rediyo, ya rufe rumfa, ya ɗauko buhun iri da ƴan ƙwadago huɗu, ya nufi Deule, ya tarar da gonarsa ƙasa ko tafin hannu ba ta jiƙa ba. Ya faɗo biro, rawani a warware.

"Kai ɗan nan, ina ruwan da kunka ce? Ɗari da sha biyar! Ko jakina ya yi fitsari ya fi shi!"

"Kawu, na'ura ce ta lissafa."

"Ita na'urar ta taɓa zuwa Deule?"

Shef ɗinmu, shugaban biro, ya ɗauko takardar mai awon ruwan Deule, ya haɗa da alƙalami: sha ɗaya da rabi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ajiye alƙalami. Da ma ya zage ni.

Sai da wata nas ta asibitin ta zo ta juya saitin zuwa na Faransanci, cikin minti biyu. Ni kuwa na kwashe mako ina bin masu gona da ban haƙuri, kawu ya sa na yi masa noman farko ni da kaina. Har yau tsofaffin Deule in suka gan ni sai su ce, "Sarkin ruwa, yau nawa za ka ba mu?"

Tun daga nan na koyi cewa baƙo da al'adar garinsu yake zuwa, ko da na'ura ce. Kuma duk lambar da aka ba ka, leƙa waje ka dubi ƙasa kafin ka sa hannu.